Melanoma da ta bazu: wane maganin garkuwar jiki ne ya tabbata, wanne ake kan gwadawa?

Ƙaramar Likita: Assalamu alaikum manyanmu. Akwai zancen da ke yawo a bakin iyalan marasa lafiya, cewa an samo allurar da ke tayar da garkuwar jiki ta cinye kansar fata ko da ta kai hanta da huhu. Wasu kuma na maganar allurar rigakafi da ake haɗa wa mutum shi kaɗai. Ina roƙon waɗanda suka san fannin su rarrabe mana: wanne ne ya zama magani tabbatacce, wanne ne har yanzu gwaji, kuma me ya dace a faɗa wa iyali?

Likitan Daji: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Sai an fara da abin da ya riga ya tabbata, don a kansa ake auna sauran.

Ƙwayoyin T, wato sojojin jinin da ke kashe baƙon abu, suna da birki a jikinsu don kada su afka wa jikin mai su. Melanoma, wato wannan kansar fata da ake magana, ta ƙware wajen taka wannan birki. Magungunan da ake magana ba su taɓa ƙarin kai tsaye, birkin suke saki. Ipilimumab yana sakin birkin CTLA-4, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2011. Pembrolizumab da nivolumab suna sakin birkin PD-1, an amince da su a 2014. A kan gano waɗannan birkuna biyu aka ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018.

Kafin zuwansu abin da ake da shi dacarbazine ne, maganin da ke kashe ƙwayoyin kansa kai tsaye, kuma wanda cutar ta bazu masa yakan yi wata 6 zuwa 9. Gwajin CheckMate 067 ya ɗauki mutum 945 ya bi su shekara 10, sakamakon ya fito a 2024: cikin waɗanda aka haɗa wa nivolumab da ipilimumab, kashi 43 cikin 100 na raye, masu nivolumab kaɗai kashi 37, masu ipilimumab kaɗai kashi 19. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, a 2015 melanoma ta kai masa hanta da ƙwaƙwalwa, aka yi masa tiyata da gashin haske da pembrolizumab, bai rasu ba sai Disamban 2024 yana da shekara 100. Saboda haka waɗannan ukun sun wuce matakin gwaji. Tun 2019 ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa nivolumab da pembrolizumab a jerin muhimman magunguna saboda wannan cuta.

Mai Haɗa Magani: Ranka ya daɗe, a ƙara da abin da haɗin ke jawowa, don lambar 43 ba kyauta take zuwa ba. A wancan gwajin fiye da rabin masu haɗin sun samu illa mai tsanani, masu nivolumab kaɗai kuwa wajen ɗaya cikin biyar.

Awon haɗin shi ne nivolumab miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin mutum da ipilimumab miligiram 3 ga kowane kilo, duk mako 3, sau 4. Daga nan a ci gaba da nivolumab miligiram 480 duk mako 4. Ipilimumab ne mai zafin. Shi ya sa gwajin CheckMate 511 ya juya awon, nivolumab 3 ipilimumab 1, illa mai tsanani ta sauko daga kashi 48 zuwa 34. Sai kuma birki na uku, LAG-3: relatlimab miligiram 160 da nivolumab 480 a haɗe wuri ɗaya, sunansa Opdualag, an amince da shi a 2022. A gwajinsa na mutum 714, cutar ta tsaya cak na wata 10.1, a kan wata 4.6 na nivolumab kaɗai, illa mai tsanani kuma ba ta kai kashi 20 ba.

Pembrolizumab kuwa miligiram 200 ne duk mako 3, ko 400 duk mako 6. Kwalbarsa miligiram 100 ce a mililita 4, a firji tsakanin digiri 2 da 8. Ba a daskarar da shi, ba a girgiza shi, domin furotin ne, kumfa da ƙanƙara suna lalata shi. Ana sa shi a ƙarin ruwa na minti 30 ta igiya mai matata, in an haɗa kuma kada ya wuce awa 6 a waje. Inda wuta ba ta tsayawa, firjin da ba shi da na'urar rubuta sanyi dare da rana bai dace da shi ba.

Likitar Fata: Ina da ja a kan yadda muke karanta waɗannan lambobi, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙa. Kusan duk mutanen da ke cikin gwaje-gwajen nan fararen fata ne na Turai da Amurka da Ostareliya, masu melanomar da rana ta haifar a baya ko kafaɗa. Tamu ba ita ba ce. A baƙar fata melanoma ta fi fitowa a tafin ƙafa, da diddige, da tafin hannu, da ƙarƙashin farce, kuma ba rana ke kawo ta ba. Kama da wane ba ta wane.

Bambancin ba na wuri kaɗai ba ne. Hasken rana yana yi wa ƙwayoyin gado ɓarna da yawa, har melanomar rana tana cikin kansoshin da suka fi kowa yawan sauye-sauye. Kowane sauyi na iya haifar da baƙon furotin da ƙwayar T za ta gane. In ka saki birki, sojan na da abin hari da yawa a gabansa. Ta tafin ƙafa sauye-sauyenta kaɗan ne, ƙwayoyin T da ke kutsa cikinta ma sun fi ƙaranci. Ka saki birki amma sojan bai ga abokin gaba ba. Bayanan Japan da Sin, inda irin wannan ta fi yawa, sun nuna amsawarta ga maganin PD-1 kaɗai ba ta kai ta melanomar rana ba. Haka sauyin ƙwayar gadon BRAF, wanda magungunan dabrafenib da trametinib ke hari: kusan rabin melanomar rana na ɗauke da shi, a ta tafin ƙafa bai fi ɗaya cikin biyar ba, don haka ƙwayoyin dabrafenib da trametinib ma kaɗan ne daga cikin mutanenmu za su amfana da su.

In muka ce wa manomin da baƙin gyambo ya cinye diddigensa, kaluluwa ta cika masa matsematsi, cewa 43 cikin 100 na kai shekara 10, mun ba shi lambar da ba tasa ba.

Likitan Daji: Gaskiyarki, Dakta, ban musa ba. Amma kada a juya ta ta zama hujjar hana magani. Amsawa ta ragu, ba ta ɓace ba, kuma wanda ya amsa yakan daɗe. Abin da zan ɗauka daga maganarki shi ne a irin wannan melanoma akwai dalilin karkata ga haɗin da ke da ipilimumab, in mutum na da ƙarfin jiki kuma asibitin na iya riƙe illar. CTLA-4 yana aiki ne tun a cikin kaluluwa, inda ake horar da sababbin ƙwayoyin T, PD-1 kuwa a cikin ƙarin, kan waɗanda suka riga suka iso suka gaji. Inda sojoji ba su iso ba, mai ƙara yawan sababbi ya fi ma'ana. Haka nan in cutar ta hau ƙwaƙwalwa: gwajin CheckMate 204 ya nuna fiye da rabin waɗanda ba su fara nuna alamu ba, kuma ba sa shan sitiroyid, sun amsa ga haɗin.

Likitar Fata: Na yarda da hikimar, Likita, amma a rubuta cewa hujjar wannan daga tattara bayanan marasa lafiya bayan an gama magani take, ba daga gwajin da aka raba masu melanomar tafin ƙafa gida biyu ba. Iyali na da haƙƙin jin wannan kafin su sayar da gona.

Malamin Lab: Bari in shigo da wanda ke kan iyaka tsakanin gwaji da magani, wato TIL, ƙwayoyin T da ake cirowa daga cikin ƙarin mutum. Tunanin na Steven Rosenberg ne a Cibiyar Kansa ta Ƙasa ta Amurka tun shekarun 1980: ƙwayoyin T da suka kutsa cikin ƙari sun riga sun gane shi, yawansu ne bai isa ba. To a ciro su a hayayyafa su. Ga yadda ake yi da lifileucel, mai sunan kasuwa Amtagvi, wanda aka ba amincewar gaggawa a Fabrairun 2024 ga waɗanda maganin PD-1 ya gaza musu.

Likitan tiyata zai yanko ƙari aƙalla santimita 1.5, daga wurin da ba a gasa da haske ba kuma ba ruɓa a cikinsa. A sa shi a ruwan adana mai sanyi a tura masana'anta a Filadelfiya. Can a daddatsa shi a reni ƙwayoyin da IL-2, sinadarin da ke sa ƙwayoyin T su hayayyafa, har kwana 22, su kai biliyan 7.5 zuwa 72, a daskarar a dawo da su. Kafin a mayar, dole a share wa baƙin fili a jikin mai su: cyclophosphamide miligiram 60 ga kowane kilo na kwana 2 tare da mesna don kare mafitsara, sai fludarabine miligiram 25 ga kowane murabba'in mita na faɗin jiki na kwana 5. Dalilin sharewar shi ne ƙwayoyin da ke nan suna shanye sinadaran da sababbin ke buƙata, kuma a cikinsu akwai masu danne garkuwa. Sai a ɗaura ƙwayoyin, cikin awa 3 zuwa 24 a fara IL-2, awo 600,000 ga kowane kilo duk awa 8 zuwa 12, kada ya wuce sau 6.

Wajen kashi 31 cikin 100 sun amsa, a mutanen da sauran magunguna suka ƙare musu. Akwai kuma gwajin Holan da Denmak na mutum 168 da ya fito a 2022, inda asibitoci suka reni ƙwayoyin da kansu: kashi 49 sun amsa ga TIL, kashi 21 ga ipilimumab, kuma ɗaya cikin biyar na masu TIL ƙarin ya ɓace gaba ɗaya.

Inda abin ke lalacewa: wani lokaci ƙwayoyin ba sa tsirowa yadda ake so, ko ƙwayar cuta ta shiga tun daga naman da aka yanko, musamman gyambon da ya fashe ko na hanji. Wani kuma cutar na gudu fiye da masana'anta, kafin mako 5 su cika ya yi raunin da ba zai jure sharewar ba. A 2024 kuɗin ƙwayoyin kaɗai dala 515,000 ne, ban da kwanciya.

Sista Mai Jinya: Malam, wannan IL-2 da ka wuce da layi ɗaya shi ne kwanakin da ake tsaye a kan mara lafiya. Yana sa jijiyoyin jini su riƙa yoyo, ruwa ya fice zuwa nama da huhu. Hawan jini ya faɗi, fitsari ya ragu, jiki ya kumbura, ga makyarkyata da zazzaɓi. Duk wannan a lokacin da fararen ƙwayoyin jini suka kusa ƙarewa saboda fludarabine. Ana auna nauyi kullum, ana auna fitsari da awa, kuma kafin kowace allura a duba numfashi da hawan jini da hankalin mutum. In ya fara ruɗewa ko yana neman iskar oksijin, a tsayar, ba dole sai an cika 6 ba. Ba a yawaita ƙarin ruwa don a tayar da hawan jini, huhu zai cika. Ba a kuma ba da sitiroyid, maganin da ke danne garkuwa, sai rai na cikin haɗari, domin zai kashe ƙwayoyin da aka sha wahalar reno. Jinin da za a ƙara wa wanda ya sha fludarabine sai wanda aka haska da na'ura. Asibitin da ba shi da ɗakin kulawa ta musamman da bankin jini mai ƙarfi ba ya taɓa wannan aiki, kuma akwai waɗanda maganin kansa ya yi ajalinsu, takardar maganin ta faɗa a fili.

Likitan Tiyata: Jama'a, a ganina sauyin da ya fi kusa da hannunmu ba sabon magani ba ne, lokacin bayarwa ne. Da can in kaluluwa ta kumbura kuma ana iya cirewa, sai mu yanke, bayan nan a ba da magani shekara guda. Gwajin SWOG S1801 ya ba ɓangarori biyu pembrolizumab sau 18 daidai wa daida. Ɗaya duka bayan tiyata, ɗaya sau 3 kafin tiyata sai 15 bayanta. Bayan shekara 2, kashi 72 na masu farawa kafin tiyata ba abin da ya dawo musu, a kan kashi 49. Magani ɗaya, kuɗi ɗaya.

Dalilin a bayyane yake: in ƙarin na nan lokacin da aka saki birki, ƙwayoyin T na da abin koyo a gabansu. In ka cire shi da kaluluwar tukuna, ka cire makarantar da ɗaliban. Gwajin NADINA na 2024, mutum 423, ya ba da ipilimumab miligiram 80 da nivolumab 240 sau 2 kacal kafin tiyata. Bayan wata 12, kashi 83.7 na lafiya, a kan 57.2 na waɗanda aka fara yi wa tiyata sannan aka ba su nivolumab sau 12. Kuma kashi 59 da aka duba naman da aka cire an tarar ƙarin mai rai bai wuce kashi 10 ba, waɗannan ba a ƙara musu komai ba. Ga mai biya daga aljihunsa, allura 2 da allura 12 ba ɗaya ba ne. Sharaɗin shi ne mai duba nama ya iya ƙiyasta abin da ya rage da rai, kuma ranar tiyata ta tabbata a mako na 6, kada a ɗage.

Ƙaramar Likita: Na gode, ranka ya daɗe. To allurar rigakafin da ake haɗa wa mutum shi kaɗai fa?

Malamin Lab: Wannan gwaji ce tsantsa. Ta Moderna da Merck ce, lambarta V940. Ana karanta ƙwayoyin gadon ƙarin da aka cire da na jinin mutum, kwamfuta ta zaɓi baƙin furotin har 34 da take ganin garkuwarsa za ta gane, a rubuta su a saƙon mRNA guda, wato umarnin da jiki zai karanta ya ƙera su. Miligiram 1 a tsoka duk mako 3, har sau 9, tare da pembrolizumab. A gwajin mataki na biyu, mutum 157, haɗarin dawowar cutar ko mutuwa ya ragu da kashi 44, da aka ƙara bin su ya kai 49. A lura da abu biyu. An yi ta ne ga waɗanda aka riga aka cire musu ƙarin duka, ba masu cuta a hanta da huhu ba. Sannan maganar Dakta ta fata ta dawo: ƙarin da sauye-sauyensa kaɗan ne, abin zaɓa ma kaɗan ne.

Likitan Daji: Kuma mataki na biyu ba hukunci ba ne, sai an gwada akan san na ƙwarai. Epacadostat ya yi kyau ƙwarai a ƙananan gwaje-gwaje, da aka gwada shi a mutum sama da 700 tare da pembrolizumab, sakamakon 2018 ya nuna bai ƙara komai ba. Bempegaldesleukin ma haka ya faɗi a 2022. T-VEC, bairos ɗin hafis da aka sauya ake tsira shi cikin ƙarin fata, an amince da shi tun 2015 kuma yana aiki a ƙurajen da allura ke kaiwa, amma da aka haɗa shi da pembrolizumab a babban gwaji bai tsawaita rai ba. Ajiyarsa ma sai sanyin digiri 70 ƙasa da sifili. Tebentafusp na melanomar ido ne, kuma sai mai nau'in alamar gado ta garkuwa HLA-A*02:01, wanda ya fi yawa a Turawa.

Mai Haɗa Magani: A taɓa maganar hanji, don ita ce mutane za su iya cutar da kansu da ita. Ƙananan gwaje-gwaje biyu da suka fito a 2021, ɗaya a Isra'ila mutum 10, ɗaya a Pittsburgh mutum 15, sun dasa ƙwayoyin bakteriyar da ke hanjin wanda ya amsa magani a hanjin wanda bai amsa ba, wasu suka fara amsawa. Ƙanana ne ƙwarai, kuma ana tace mai bayarwa da gwaje-gwaje masu yawa. Ba abin kwaikwayo a gida ba ne. Abin da za a iya ɗauka yau: kada a rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ba da dalili ba gab da fara magani, kada a sayi ƙwayoyin gyaran hanji na kanti, a ci wake da ganye da hatsin da ba a cire dusarsa ba.

Sista Mai Jinya: Ni abin da ya fi damuna shi ne wanda aka yi wa allurar a Indiya ko Masar ko wani babban asibiti, ya dawo gida, illar ta same shi a ƙaramin asibitin da ba a san me ya sha ba. Garkuwar da aka saki wa birki tana iya cin hanji, hanta, huhu, zuciya. A nan kuwa duk gudawa taifod ce ko atini, duk kasala da ciwon kai maleriya ce. Sai a yi mako ana maganin da ba shi ba har hanji ya huje.

Likitan Daji: Sista ta kawo mu inda ya kamata. Gudawa da ta ƙaru sau 4 zuwa 6 a rana kan yadda mutum ya saba, a dakatar da allurar, a gwada bayan gida, a fara prednisolone miligiram 1 ga kowane kilo. Sau 7 ko fiye, ko jini, ko ciwon ciki mai tsanani, a kwantar, miligiram 1 zuwa 2 ta jijiya. In kwana 3 zuwa 5 ba sauƙi, infliximab miligiram 5 ga kowane kilo. Ragewa a hankali cikin mako 4 zuwa 6, in an yanke da wuri tana dawowa. Illar na iya zuwa watanni bayan allurar ƙarshe.

Mu kuma da namu ƙarin aiki tun kafin allurar farko. A gwada ciwon hanta nau'in B, saboda yawansa a ƙasashenmu, sitiroyid mai yawa na tayar da shi, mai ɗauke da shi a sa masa tenofovir ko entecavir. A nemi ɓoyayyen tarin fuka, infliximab na farkar da shi. A yi tunanin tsutsar strongyloides, wadda sitiroyid ke sa ta bazu a jiki, ivermectin ke maganinta. Wanda zai wuce mako 4 kan prednisolone miligiram 20 ko fiye, a ba shi Septrin don kare huhu. In hanta ce ta kumbura kuma sitiroyid bai yi ba, mycophenolate ake bi, ba infliximab ba.

Likitar Fata: Ku ƙara da gilan fituwitari, ɗan sashen da ke ƙasan ƙwaƙwalwa mai sarrafa sinadaran jiki, wanda ipilimumab ya fi kamawa, yawanci bayan allura ta uku. Ciwon kai, kasala, amai, hawan jini ƙasa, gishirin jini ƙasa. A auna kotisol na safe, sinadarin da ke taimaka wa jiki riƙe hawan jini da jure ciwo. In kotisol da tayirod duka sun faɗi, hydrocortisone ake fara bayarwa, bayan 'yan kwanaki a sa thyroxine. Wanda ya juya tsarin zai iya jefa mutum cikin suma, domin thyroxine na ƙone ɗan kotisol ɗin da ya rage. Yawancinsu za su sha hydrocortisone har ƙarshen rayuwa, su ninka shi ranar zazzaɓi. Farin dabbare-dabbare kuwa da ke fitowa a fata, wanda a jikinmu yake bayyana sosai har mutane su tsorata, garkuwar ce ke cin ƙwayoyin launi, kuma an fi ganinsa a waɗanda maganin ya karɓa. A faɗa wa iyali tun farko don kada su daina.

Ƙaramar Likita: In hoton CT na mako 12 ya nuna ƙarin ya ƙaru fa, a tsayar?

Likitan Daji: Duba mutumin kafin hoton. A kaɗan daga cikinsu, ƙasa da ɗaya cikin goma, ƙwayoyin T ne suka cika ƙarin ya kumbura kafin ya motse. In yana cin abinci, nauyinsa bai faɗi ba, LDH, sinadarin jinin da ke ƙaruwa in cutar na ci gaba, ba ya hawa, a ci gaba a sake hoto bayan mako 4 zuwa 8. In yana ramewa kuma LDH na hawa, cutar ce, kada a ɓata masa wata biyu. Ciwon ƙirji ko haki ko faɗuwar fatar ido a makonni 6 na farko kuwa ba ya jiran hoto: a yi gwajin zuciya na ECG da na jini na troponin a ranar, domin kumburin tsokar zuciya bai fi ɗaya cikin ɗari ba amma yana kisa da sauri, maganinsa methylprednisolone giram 1 a rana.

Sista Mai Jinya: A rubuta wa kowane mara lafiya kati ya riƙa yawo da shi: sunan maganin, ranar allurar ƙarshe, lambar sashen da ke kula da shi, da layi ɗaya ga duk likitan da zai gan shi, cewa gudawa ko tari ko kasala a jikin mai wannan kati na iya buƙatar sitiroyid, a kira kafin a sallame shi. A yi shi da Hausa da Turanci, na Nijar da Faransanci, a ba wanda ke jinyarsa kwafi ɗaya.